Babayo Bai Aiko da Gaisuwa Ba

Kurna, Kano
9 ga Yuli

Zuwa ga taubashina Rabe, sarkin 'yan wandon Guangzhou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da fatan kana lafiya kai da kasuwa. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta kankama, yara lafiya, sai dai jikin Inna. Ƙafafun sun sake kumbura, likita ya ce zuciyar ce ta gaji. Kunu ma sai an yi da gaske take kurɓa.

Za ka ce me ya mai da Jumai zamanin takarda da biro alhali ga waya. Na baro gidana na dawo jinya, ɗakinmu ɗaya da ita, kuma ka san gwaggonka, idon ya yi rauni amma ko allura ce ta faɗi a zaure sai ta ji. Maganar da zan yi maka ba ta gaban Inna ba ce. Shi ya sa na ba Alhaji Maidaji takardar ya kawo maka, tunda shi kullum ƙafarsa ɗaya tana Kantin Kwari ɗaya tana wajenku.

Maganar Babayo ce.

Shekara bakwai ke nan ba a ambaci sunan ƙanina a gidan nan ba, kuma ka fi kowa sanin dalili. Yaron da duk Juma'a sai ya kira Inna daga wannan ƙauye na tsibiri a can ƙasar Sin, rana ɗaya muka ji ɗif. Kai ka buga waya can, ka ce mana mutanen gidan sun ce ya tafi, bai faɗi inda za shi ba. Wata biyu bayan nan mahaifinmu Malam ya rasu. Mutanen da ba mu haɗa komai da su ba sun zo ta'aziyya tun daga Damagaram, amma ɗan cikinsa ko saƙon baki bai aiko ba. Ranar addu'ar arba'in Inna ta ce a gaban dangi, "Ban yafe wa Babayo ba." 

Shekaranjiya ina shafa mata man zafi a ƙafa, sai na ji ta ce, kamar ba da ni take ba, "Babayo ya fi ki iya matsa ƙafa." Rabe, na kasa ɗago kai. 

Ina jin tsoro. Tsoron kada ta tafi da wannan kalma a bakinta, shi kuma ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashinta. Don Allah, don zumuncin da ke tsakanin kawu mahaifinka da Inna, ka nemo min shi. Ko a wane hali yake, ko mata huɗu ya ajiye a can, ya dai ɗauki waya ya ce "Inna, ki yi haƙuri." Na san uwata, ba zai kai ƙarshen maganar ba za ta yafe.

Kai da kake cika mana baki cewa Sinanci a bakinka kamar ruwa, ga ranarka ta zo.

Taubashiyarka,
Jumai

*

Sanyuanli, Guangzhou
24 ga Yuli

Zuwa ga Jumai, uwar iyayen tsiya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye a ƙofar kasuwar Canaan, sai da wani mai tura kaya ya kusa kwashe min ƙafa. Lafiyata ƙalau, sai zafi, garin nan yanzu mutum yana tsaye gumi yana zuba kamar an juye masa buta. Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya sa kaffara ne.

Sinancina kuwa kada ki raina shi. Shekara goma sha ɗaya ina cinikin wando da shi, babu laoban ɗin da ya taɓa juya ni. Laoban shi ne mai shago, kada ki ce na zage ki.

Bari in sake faɗa miki yadda aka yi, tunda lokacin kina cikin kuka ba ki saurara ba. Da bizar Babayo ta ƙare, zaman Guangzhou ya gagare shi, kullum yana ɓoye-ɓoye. Akwai wani abokinsa Lao Fu, tela a Xintang inda ake ɗinka mana wandunan jins. Shi ne ya ce ya zo su tafi garinsu a tsibirin Hainan, can kudu, wani ƙauye Shanliao a cikin duwatsu, inda babu mai tambayar kowa takarda. Suna noman wani ɗan itace da suke taunawa kamar yadda muke cin goro. Shekara biyu ya yi a can. Da kuka ce ya daina kira, na bugi lambar Lao Fu na ce ina Babayo. Ya ce min, "Ta zo la."

Kin ga abin dariyar harshen nan, mu "zo" ɗinmu kira ne, su kuwa "zo" ɗinsu tafiya ce. "Ta" ɗinsu "shi" ne, "zo la" kuma ya tafi. Kullum ina jinta a kasuwa: ina mai shago? Zo la. Ina motar kaya? Zo la. Na ce masa ya tafi ina? Sai na ji shiru, sai wani gurnani a layin, sai waya ta katse. Na sake kira sau biyu ba a ɗauka ba. Abin da na ji shi na faɗa muku, ban rage ba.

Zan je. Amma ki bari in ɗora kwantenar da ke jirana a tashar jiragen ruwa ta Nansha tukuna. Tafiyar ba kusa ba ce, jirgin ƙasa ake hawa har bakin teku, sannan a tura jirgin ƙasan ɗungurungum cikin jirgin ruwa a tsallaka da shi. In na kama Babayo, wallahi kafin in miƙa masa waya sai na fara kwaɗa masa mari, ladan wahalata ke nan.

Ki ce wa Gwaggo ɗanta Rabe yana gaishe ta da jiki.

Naki,
Rabe

*

Kurna
2 ga Oktoba

Rabe,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna ta kwana huɗu a asibiti, an sallamo mu, yanzu sallah ma a zaune take yi.

Wata biyu da kwana takwas. Maidaji ya je ya dawo sau biyu hannu rabbana. Na tambaye shi ko ya gan ka, ya ce ya hango ka a masallaci ranar Juma'a, ka rame, kana ganinsa ka bi ta wata ƙofar. In na kira ka a waya sai ka ce kana cikin mutane. Mene ne haka? Kwantena ce har yanzu ba ta tashi ba, ko ita ma ta zo la?

In ba za ka je ba ka fito fili ka faɗa min. Ba ni da lokacin wasan taubasai yanzu, numfashin matar nan ƙirga shi nake yi.

Jumai

*

Guangzhou
11 ga Oktoba

Jumai,

Ina gaisuwa, ina yi wa Gwaggo sannu. Ki gafarce ni. Guguwar teku ta hana jiragen ruwa tsallakawa, sai da ta lafa na samu hanya.

Na je Shanliao. Na samu inda Babayo yake. Yana nan a ƙauyen, bai taɓa barinsa ba. Mutanen suna kula da shi yadda ba ki zato.

Sauran bayani yana tafe. Ki ba ni kwana kaɗan.

Rabe

*

Kurna
19 ga Oktoba

Rabe na Gwaggo, ɗan albarka,

Allah ya yi maka albarka, Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira! Na janye duk tsiyar da na yi maka, har wadda zan yi nan gaba. A soro na karanta takardarka, na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambaya wa ya haihu.

Ashe yana nan! Shekara bakwai, ɗan banza, yana zaune yana cin goron Sinawa mu muna nan muna ƙonewa. Kunya ce ta hana shi kira, na sani. Tun yana yaro haka yake, in ya fasa kwano sai ya shige bayan rumbu har magariba. Ka ce masa babu wanda zai yi masa faɗa. Na sa an yi dambun nama irin wanda yake so, mai yaji sosai, yana hannun Maidaji tare da wannan takarda. Rabi naka ne, rabi nasa, kuma na san halinka, Allah yana ganinka.

Na kasa riƙewa, na gaya wa Inna. Na zata za ta yi kuka ko ta juya baya. Sai ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce in sake. Na sake. Sai ta ce, "Ya ce a gaishe ni?" Na ce Inna takardar gajeriya ce, Rabe cikin sauri ya rubuta. Ta ce, "Duba bayanta." Na juya, babu komai. Ta daɗe tana jan carbi.

Ina ganin fushin ne bai gama sauka ba. Don haka in za ka rubuto, ka sa ya rubuta gaisuwar da hannunsa, ko layi ɗaya ne. Ko kuwa ka koma can ka haɗa su a waya kawai a wuce wurin. Me kuke jira?

Taka har kullum,
Jumai

*

Guangzhou
28 ga Oktoba

Yaya Jumai,

Ban taɓa ce miki Yaya ba, yau na ce. Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo. Kafin ki ci gaba da karatu ki nemi wuri ki zauna, kuma kada a ɗakinta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babayo ya rasu. Ba yau ba, ba bana ba. Shekara bakwai ke nan, wata biyu kafin Malam.

Dambunki yana gabana ban iya buɗewa ba. Sau uku ina rubuta miki gaskiya ina yagawa, na ƙare da wannan guntuwar takarda ta matsorata, wadda babu ƙarya a cikinta kuma babu gaskiya. Ban yi tunanin za ki yi guɗa ba. Wallahi ban yi ba.

Guguwa ta tsayar da jirage, haka ne, amma ba ita ta rame da ni ba. A farkon Agusta na je Canaan wajen wani dattijo da na shekara tara ina sayen kaya a hannunsa. Na tarar da matarsa ita kaɗai, idonta ya kumbura. Na ce ina laoban? Ta ce, "Zo la." Ni kuma da bakina, ina murmushi, na ce ya tafi ina, yaushe zai dawo? Matar ta kalle ni ta fashe da kuka. Maƙwabcin shagon ya ja ni gefe ya ce, kai ba ka da hankali ne? Mutumin ya mutu ranar Lahadi. Ashe su ma ba sa son kiran mutuwa da sunanta. Kamar yadda muke cewa wane ya riga mu gidan gaskiya, su sai su ce ya tafi. Kalma ɗaya ce da ta motar kaya.

A nan tsakiyar kasuwa na gane. Gurnanin da na ce miki na ji a waya, na ɗora wa layi, kukan Lao Fu ne.

Kuma na ce miki ban rage ba. Gaskiya ne, ƙari na yi. Ni ne na ce wa Kawu Sale wataƙila wata mace ya bi, don a yi dariya. Maganar ta zaga dangi ta dawo kunnen Gwaggo ta zama labari. Sinancin da nake taƙama da shi na nawa-ne da babu-ragi ne, da shi na yanke wa ɗan'uwana hukunci.

Na isa Shanliao da hantsi. Daga inda mota ta ajiye ni sai da na hau babur, hanya ta bi ta cikin gonakin roba da barkono, ga itatuwan kwakwa da guguwa ta kwantar ko'ina. Gidajen ba su fi talatin ba. Ban tambayi kowa ba, wata tsohuwa da ke shanya 'ya'yan goron nan nasu a ƙofar gida ta hango ni, ta saki faranti, ta taho tana cewa "Ba-yo, Ba-yo." Da ta matso ta ga ba shi ba ne, sai ta kama hannuna ta ƙi saki. Ita ce mahaifiyar Lao Fu.

Lao Fu ya yi magana a hankali, inda na kasa ganewa waya ta fassara mana. Wannan karon sai da na tambayi kowace kalma sau biyu. Zazzaɓi ne ya kama shi bayan sun dawo daga gona cikin ruwan sama. Suka ce a tafi asibitin gari, ya ƙi, ya ce in aka ga takardunsa za a kama shi, a kama su da suka ɓoye shi. Ya ce gobe zai warware. Kwana huɗu ya yi. Wayarsa a kulle take da lambobin sirri, ba su san kowa nasa ba. Ni kaɗai na kira, suka faɗa min, suka zauna jiran dangi su zo. Lao Fu ya ce ya yi mamaki da babu wanda ya zo, amma ya ɗauka nisa ne.

Jumai, tsohuwar nan "Inna" yake ce mata, shi ya koya mata kalmar. Ta ce a ranarsa ta ƙarshe yana ta kiran Inna, Inna, ita kuma tana amsawa tana riƙe da hannunsa. Ta ce, "Na san ba ni yake kira ba, amma babu daɗi mutum ya yi kira a rasa mai amsawa."

Mutanen nan ba Musulmi ba ne, ba su san wanka ko sallar gawa ba. Abin da suka sani shi ne ya taɓa ce musu mu ba a ƙona mu, kuma a farin ƙyalle ake naɗe mu. Suka yi masa haka. Da aka zo haƙa kabari aka yi gardamar inda za a juya shi, sai tsohuwar ta ce ita ta sani. Shekara biyu tana ganinsa sau biyar a rana a bayan gida yana sunkuyawa wajen wani dutse mai kai biyu da ke yamma. Ta ce a kwantar da shi fuskarsa tana kallon dutsen, tunda can yake so. Na tsaya a kan kabarin na buɗe alƙibla a wayata. Ko kaɗan bai karkace ba.

Duk shekara suna da ranar share kaburbura. Suna share nasa tare da na kakanninsu. Sauran ana ajiye musu naman alade da giya, shi kuwa ruwan kwakwa kawai take ajiye masa, wai ba ya cin wancan. Na yi alwala da butarsa, tana nan ta adana ta, na yi masa sallah ni kaɗai, liman ba mamu. Kabbara huɗu, ban san yadda na kai ta huɗun ba.

Butar da carbinsa suna hannun Maidaji. Ki gaya wa Gwaggo yadda kika ga za ta iya ɗauka. Ki ce mata Babayo bai ƙi zuwa ta'aziyyar Malam ba, shi ya riga shi. In akwai wanda ba za a yafe wa ba, ga ni.

Rabe

*

Kurna
12 ga Nuwamba

Rabe,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gidan cike yake da baƙi, shi ya sa ban rubuto da wuri ba. Na hana kowa kiranka, na ce ni zan faɗa maka da hannuna.

Maidaji ya tsaya Legas fitar da kaya, takardarka ba ta iso ba sai ranar Lahadin da ta wuce. Na karanta, na yi kukan da ban yi ba ko a mutuwar Malam. Kwana biyu ina jin in na gan ka sai na shaƙe ka. Yanzu ya wuce. Da ni aka ce wa "ya tafi", ni ma abin da zan ji ke nan.

Amma akwai abin da ba ka sani ba. Washegarin ranar da na karanta wa Inna guntuwar takardarka, ta ce in auno gero kwano bakwai a yi gumba a raba sadaka. Na ce ta murna ce? Ta ce, "Ke dai yi abin da na ce." Da yamma ta sa aka kira Kawu Sale da duk wanda yake wurin ranar arba'in ɗin Malam, ta ce su zauna. Ta ce, "A gabanku na faɗa, a gabanku zan janye. Na yafe wa Babayo duniya da lahira. Ni ce ma zan nemi ya yafe min." Ni sakarya ina gefe ina murna, ina cewa to sai ya zo ku yafi juna.

Da suka watse ta ce, "Jumai, ke kin yi boko amma ba ki iya karatu ba. Yaron da ko almuru ya fita sayen ashana sai ya ce Inna sannu da gida, a ce an same shi da rai bai ce a gaishe ni ba?" Na ce Inna ciwo ne yake sa ki wannan tunani. Ba ta yi musu da ni ba. Ta bar ni na ci gaba da jiran waya.

Abu ɗaya ta dinga tambaya bayan nan, safe da rana. "Ko ina suka juya masa fuska?" Ni kuwa ina cewa wa, Inna? Sai ta ce babu komai. Amsar tana cikin jakar Maidaji a Legas.

Ranar da takardarka ta zo, na shiga ɗakinta na rufe ƙofa, na zauna a bakin gadon inda na saba zama in matsa mata ƙafa. Na karanta wurin dutsen nan mai kai biyu da ƙarfi, sau biyu, yadda take so a karanta mata. Babu kowa a kan gadon, amma na karanta.

Dambun nan kada ka bar shi ya lalace. In ka samu hanya ka kai wa tsohuwar Shanliao, ka ce daga 'yar Innar Babayo ne, ka ce mun gode da ta amsa.

Ka ce min su ba sa kiran abin da sunansa. To ni ma yau bakina ya kasa. Inna ta zo la, Rabe, ranar Laraba bayan la'asar, kwana huɗu kafin takardarka. Wannan karon kada ka tambayi inda ta tafi.

'Yar'uwarka,
Jumai